Tarihin Font: Daga Dalmar Gutenberg Zuwa Fastar Da Kake Haɗawa A Wayarka

Yau za mu ɗan ajiye maganar saiti da gyare-gyare mu taɓa tarihi. Tarihin wani abu ne da idonka ke gani tun daga safe har dare amma da wuya ka tsaya ka kula da shi, wato siffar haruffan da ke kan sikirin ɗinka, abin da manhajoji ke kira font. Rubutun da ɗan tsawo, sai ka gyara zama.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya wani abokina ɗalibi a sashen zane na wata kwaleji ya zo shagona da wayarsa. Ya samu aikin haɗa fasta da riguna na taron wata ƙungiyar matasa, kuma shi ne aikinsa na farko da za a biya shi. Ya ce in duba masa wayar, wai ta fara samun matsala, in ya rubuta wasu kalmomi sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiya. Na duba na ce masa lafiyar wayarka ƙalau. Font ɗin da ya sauko da shi daga intanet ne ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Da yake lokaci ya ƙure, kuma font ɗin ya burge shi, sai ya cire lanƙwasar ya bar k da d haka nan. Ranar taro aka kafa fasta a bakin ƙofa, ga rubutu ɓaro-ɓaro ana yi wa "manyan baki" maraba. Wani dattijo ya tsaya ya karanta, ya tambaya ko bakin wa ake nufi. Har yau abokai ba su daina tsokanar sa ba, kuma sai da ya sake buga fastar da kuɗin aljihunsa.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin abin, kuma ga abin da na fahimta: kowane font da ka gani, wani mutum ne ya zauna ya zana shi saboda wani aiki, kuma saboda wani harshe. In ka san aikin da harshen, zaɓi zai zo maka da sauƙi.

MAƘERIN DA YA ZUBA HARUFFA

Mutanen ƙasar Sin su suka fara. Wajen shekarar 1040 wani mai suna Bi Sheng ya ƙera haruffa ɗai-ɗai da yumɓu, ana jera su a buga a warware. A Koriya kuma an buga wani littafi da haruffan ƙarfe tun 1377. Amma hanyar da ta kawo mu ga font ɗin wayarka daga Jamus ta taso, a birnin Mainz, wajen 1450, a hannun Johannes Gutenberg.

Gutenberg ya san aikin ƙira, shi ya sa dabarar ta zo masa. Sai a sassaƙa harafi a juye a kan tsinin wani ƙarfe mai tauri, a doka shi a kan jan ƙarfe ya bar gurbi, sannan a narka dalma haɗe da kuza a zuba a gurbin. In ta huce ka samu harafi ɗaya. Haka za a yi ta zubawa har a tara dubbai. Mai jerawa zai ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ya haɗa kalma, ya haɗa layi, ya haɗa shafi, a shafa tawada, a danna takarda. Kalmar font ɗin ma daga Faransanci ta fito, ma'anarta narkawa ko zubi.

Wajen 1455 ya kammala buga Baibul mai layi 42 a kowane shafi, kwafi kusan 180. Haruffan baƙaƙe ne masu kauri, a matse, masu kusurwa, don ya kwaikwayi rubutun hannun malaman coci na ƙasarsu. Ka lura da wannan: font na farko kwaikwayon alƙalami ne. Shi kuwa Gutenberg bai ci ribar abin sosai ba, domin wanda ya ba shi bashi, Johann Fust, ya maka shi a kotu ya karɓe kayan aikin.

Har yau akwai sawun wancan zamani a cikin wayarka. Masu jera haruffa suna ajiye manyan baƙaƙe a akwatin sama, ƙanana a akwatin ƙasa, daga nan Turawa suka samo sunan da suke kiran su da shi. In suna son buɗa tsakanin layi da layi sai su cusa siririyar dalma, shi ya sa wasu manhajojin zane har yanzu da sunan dalma suke kiran wannan tazarar. Lambar nan ta girman rubutu kuma, 12 ko 14 ko 72, awon maɗaba'a ce. A kwamfuta 72 daidai take da inci ɗaya.

HARUFFA MASU TAKALMI

Da sana'ar ta isa Italiya sai salo ya canza. A Venice, a 1470, wani Bafaranshe mai suna Nicolas Jenson ya zana haruffa masu sarari, masu zagaye, waɗanda ido ke bi ba wahala. Manyan ya ɗauko su daga rubutun da Rumawa ke sassaƙawa a jikin dutse, ƙananan kuma daga rubutun hannun malaman Italiya. A ƙarshen kowace sanda akwai ɗan tsini, kamar an sa wa harafin takalmi. Wannan takalmin shi ne Serif da kake gani a jerin font.

A 1501, a birnin dai, Aldus Manutius ya fara buga ƙananan littattafai da mutum zai iya riƙewa ya yi tafiya da su, da wani rubutu mai jirkicewa gefe. Shi ne Italic, sunan ma daga Italiya ne.

Jikan waɗannan da kowa ya sani shi ne Times New Roman, wanda malamai ke cewa a buga furojet da shi. An yi shi ne don jaridar The Times ta Landan, ya fara fitowa a 1932, ƙarƙashin kulawar Stanley Morison. An ɗan matse shi don kalmomi da yawa su shiga siririn layin jarida, kuma a iya karanta shi yana ƙarami. To ka ga aikinsa kenan, doguwar magana a kusa da ido. In ka ɗora shi a fastar da za a kafa a bakin titi, ka sa shi aikin da ba nasa ba.

LOKACIN DA BANGO YA FARA MAGANA

Sama da shekara 300 kusan duk haruffan ɗab'i na littafi ne. Sai masana'antu suka bunƙasa a Ingila, birane suka cika da jama'a, kaya suka yi yawa, kowa na neman mai saye. Mai sabulu, mai gidan wasa, mai gwanjo, kowa na son a hango sanarwarsa daga tsallaken titi. Haruffan littafi ba za su iya ba.

Sai masu zuba haruffa na Landan suka shiga gasa. Aka fara da ƙara wa haruffa ƙiba har suka zama jibga-jibga. A 1815 Vincent Figgins ya fito da masu takalmi mai kauri kamar bulo. A 1816 William Caslon na huɗu ya yi abin da ba a saba ba, ya cire takalmin gaba ɗaya. Wannan shi ne mafarin Sans Serif a ɗab'i, wato marar takalmi. Mutanen lokacin ba su ga kyansa ba, har aka riƙa kiran irinsa da wani suna mai nufin abu mai muni. Yau kusan duk rubutun da ke wayarka irinsa ne.

Sai wata matsalar. Babban harafi na dalma nauyi gare shi, ga tsada, kuma ba ya hucewa daidai. A New York wani mai suna Darius Wells ya samo hanyar sassaƙa haruffa da katako da yawa cikin sauri, ya fitar da kundin samfurinsa a 1828. Fastocin nan da kake gani a finafinan kaboyi, na neman ɗan fashi ruwa a jallo, irin wannan bugun ne.

Amma fa fastocin wancan lokaci hayaniya ce zalla. Mai maɗaba'a zai cika takarda tun daga sama har ƙasa, kowane layi da irin harafinsa, wani siriri, wani mai ƙiba, wani mai ado, ya danganta da wanda ya shiga faɗin takardar. In ka tuna fastarka ta farko, wadda ka zuba wa font shida da kala bakwai da inuwa, to kada ka ji kunya, duniya ma ta nan ta bi.

MASU SHARE FILI

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wasu matasa a Jamus suka ce hayaniyar ta isa. A 1919 aka buɗe makarantar zane ta Bauhaus a garin Weimar, inda ɗalibi ke koyo da hannunsa a ɗakin aiki, kuma ana koya masa cewa amfanin abu shi zai yanke siffarsa. A 1927 Paul Renner ya fitar da Futura, font da aka gina a kan da'ira da miƙaƙƙen layi da kusurwa uku. Dubi harafin O nasa, kamar an zana da kwano. Allon da 'yan sama jannatin Amurka suka bari a duniyar wata a 1969, da Futura aka rubuta shi.

A 1928 wani saurayi ɗan shekara 26, Jan Tschichold, ya wallafa littafi a kan sabon tsarin rubutu. Abin da yake koyarwa a taƙaice shi ne, a fara da abin da ya fi muhimmanci a ba shi girma, a rage ado, kuma a ɗauki farin fili a matsayin kayan aiki, a daina ganin sa kamar asarar takarda. Wannan tunani bai yi wa 'yan Nazi daɗi ba. A 1933 suka kama Tschichold, da ya fito ya tsere Suwizalan, a shekarar ce kuma aka rufe Bauhaus.

A Suwizalan abin ya nuna. Masu zane irin su Josef Müller-Brockmann na birnin Zurich suka riƙa raba takarda da layukan awo kafin su sa komai, kamar yadda magini ke jan igiya kafin ya aza bulo. Kowane rubutu da kowane hoto sai ya hau layi. Fastocinsu na kaɗe-kaɗe da na kiyaye haɗarin mota har yau ana koyar da su a makarantun zane.

A 1957 Max Miedinger da Eduard Hoffmann suka fitar da font ɗin da a 1960 aka raɗa wa suna Helvetica, daga sunan ƙasar da Latin. Ba shi da wani ado ko yanga, shi ya sa ya shiga ko'ina: tambarin Panasonic da Jeep, allunan jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York, har da iPhone ta farko a 2007. Arial da ke kwamfutarka, wanda aka yi a 1982, kusan tagwaye suke.

ƊALIBAI, FASTA DA RIGA

Yanzu ga ɓangaren da ya fi shafar mai koyo. A watan Mayun 1968 zanga-zanga ta ɓarke a Paris, ɗalibai da ma'aikata suka cika tituna. Ɗaliban babbar makarantar zane ta birnin suka mamaye ɗakunan aikinta suka mayar da su maɗaba'a. Lokaci babu, kuɗi babu, don haka suka koma bugun raga, irin wanda masu buga riga ke yi a garuruwanmu: a ɗaure raga mai laushi a katako, a toshe ko'ina ban da inda zane yake, a ja tawada ta ratsa. Kowace kala sai da ragarta, shi ya sa yawancin fastocin kala ɗaya ne, hoto ɗaya, kalmomi kaɗan da haruffan hannu masu kauri. A yi zane da rana, a buga da dare, gari na wayewa yana bango. Rashin kayan aiki ne ya koya musu taƙaitawa, kuma yau waɗannan fastocin suna gidajen tarihi.

A 1971, a jihar Oregon ta Amurka, wata ɗalibar zane a jami'ar Portland State mai suna Carolyn Davidson ta samu ɗan aiki daga Phil Knight, wanda ya taɓa koyar da lissafin kuɗi a makarantar. Yana son alamar da za a sa a gefen takalmi. Ta zana masa 'yar lanƙwasar nan ta Nike, aka biya ta dala 35. Sai a 1983 kamfanin ya karrama ta da zoben zinariya da hannun jari. Sunan Nike da aka riƙa ɗorawa a saman alamar daga baya, daga dangin Futura yake, mai kauri a matse.

A 1976 kuma Milton Glaser ya zana alamar nan ta harafin I da jar zuciya da NY a bayan ambulan, yana cikin tasi. Birnin New York na fama da talauci da laifuka a lokacin, ana neman abin da zai jawo baƙi. Bai karɓi ko sisi ba. Haruffa uku da zuciya ɗaya, da font mai kama da na tafireta, amma yau ba a san adadin riguna da kofuna da huluna da ke ɗauke da ita ba.

Me ya sa waɗannan suka daɗe? Domin riga ba ta da haƙuri irin na takarda. Tana motsi, tana lanƙwashewa, ana wanke ta, kuma mai kallo daƙiƙa biyu kawai yake da su. Siririn layi yakan tsinke a bugun raga, in kuma zare ne a hula, ƙaramin rubutu sai ya dunƙule. Shi ya sa fasta da riga suka fi kowane littafi saurin koyar da mai koyo, kuskurenka a bainar jama'a zai fito.

YADDA YA SHIGO ALJIHUNKA

Har zuwa shekarun 1970, in ba a maɗaba'a ko kamfanin talla kake aiki ba, ba ruwanka da zaɓen font. Steve Jobs ya ba da labari da bakinsa cewa bayan ya bar karatu a kwalejin Reed ya ci gaba da shiga ajin koyon kyakkyawan rubutun hannu, a nan ya san bambancin masu takalmi da marasa takalmi da sirrin tazara tsakanin haruffa. Da kwamfutar Macintosh ta fito a 1984 sai ta zo da font kala-kala, waɗanda Susan Kare ta zana yawancinsu ɗigo bayan ɗigo, aka sa musu sunayen birane kamar Chicago da Geneva. A 1985 aka samu manhajar PageMaker da firintar LaserWriter, aikin da da sai maɗaba'a ya dawo kan tebur.

Daga nan sai sikirin ya fara neman nasa. Verdana na 1996 an buɗa shi sosai don ya karantu a sikirin mai ƙarancin ɗigo. Roboto ya zo da Android 4.0 a 2011. Google Fonts ya buɗe a 2010 ya sa dubban mutane suka samu font kyauta, Canva ya biyo baya a 2013. Montserrat da masu haɗa fasta ke yawan so, wata 'yar Ajantina ce, Julieta Ulanovsky, ta zana shi daga tsofaffin fastoci da allunan shagunan unguwarsu a Buenos Aires. Impact kuwa, wanda ake rubutun barkwanci da shi a kan hotuna, tun 1965 aka yi shi don kanun talla.

TO INA NAMU HARUFFAN?

Duk wannan labarin da na ba ka, mutanen sun yi aikinsu ne da harsunan Turai a ransu. Mu kuma muna da namu tarihin.

Kafin boko da ajami muke rubutu, da alƙalamin kara da tawada, kuma malamanmu suna da salonsu mai kauri wanda duk wanda ya yi makarantar allo zai gane daga nesa. Duba takardar Naira 500 ko 1000, adadin kuɗin yana nan da ajami.

Da Turawa suka zo rubuta Hausa da haruffansu sai suka ci karo da sautukan da babu a harshensu. Wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu ɗan waƙafi a gefensa. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, shi ma haifaffen Suwizalan ne, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A shekarun 1930, lokacin da Dokta Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. A wannan zamanin ne aka samu Magana Jari Ce, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta. A Nijar kuma suna da na huɗu, ƴ, inda mu a Najeriya muke rubuta 'y.

Ka ga an warware matsalar a takarda. Amma duk sabuwar na'urar da ta zo sai ta dawo da mu baya. Yawancin tafiretoci ba su da haruffan, sai an gama bugawa a bi da biro ana ƙara lanƙwasa. Tsarin ASCII da kwamfutoci suka tashi da shi tun 1963 gurbi 128 kawai gare shi, na Turanci. Wayoyi masu madanni ma haka. Ga kuma wani abu da ba kowa ya sani ba: saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma in ka sa harafin da ba ya cikin jerin da aka ware wa tes, irin su ƙ, sai ya koma 70. Wato rubuta Hausa daidai ya fi cin kuɗi. Haka aka yi muka saba da rubutu ba lanƙwasa, har yara suka taso suna ganin haka abin yake.

Gyaran ya fara ne da Unicode a 1991, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa. Namu suna ciki, misali ƙ lambarsa U+0199, ɗ kuma U+0257. Sai dai lamba daban, zane daban. Unicode ya ba harafin gurbi ne kawai, dole mai font ya zauna ya zana shi. In bai zana ba, ɗayan biyu ne zai faru: ko wayarka ta aro harafin daga wani font, ka ga ƙ ɗinka ya fito siriri a cikin masu ƙiba kamar baƙo a gidan biki, ko kuma akwatin nan ya fito. Masana na kiran akwatin tofu, wato awara, saboda kamar da suka yi. Google ma sunan babban aikinsa na font, Noto, daga nan ya samo shi, manufar ita ce a daina ganin awara a rubutun kowane harshe.

Ƙungiyar SIL ta yi font da ke ɗauke da haruffanmu cikakku, irin su Andika da Charis SIL da Gentium. Ta kuma yi wani na ajami da salon rubutun Kano, sunansa Alkalami. Ka ga alƙalamin karan nan na tsangaya shi ma ya shiga kwamfuta, kamar yadda na malaman Jamus ya shiga dalmar Gutenberg.

ABIN DA ZA KA ƊAUKA

In ka buɗe PixelLab ko Canva nan gaba, kafin ka zaɓi font yi masa tambaya biyu.

Ta farko, don wane aiki aka yi ka? Kanun fasta da gaban riga suna son mai kauri wanda za a hango. Dogon bayani yana son mai sauƙi, marar ado. Mai kama da rubutun hannu ya dace da sunan ango da amarya, amma kada ka rubuta kwanan wata da wurin taro da shi, kuma kada ka jera shi da manyan baƙaƙe zalla. Font biyu sun ishe ka a fasta ɗaya. Ka jera rubutunka a layi ɗaya, ka bar fili ya sha iska. In ka gama, ka rage hoton ya zama ƙarami ka miƙa hannu nesa. Abin da ka fara karantawa, shi ne ya kamata ya zama mafi muhimmanci.

Ta biyu, ka san Hausa? Gwajin ba ya cin minti ɗaya. Rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ da font ɗin ka ƙura musu ido. In akwati ya fito, ko kaurinsu ya bambanta da na sauran, ka nemi wani. In kibod ɗinka ba shi da su, shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa a cikin harsuna. In za ka kai aiki wurin bugawa, ka fitar da shi a matsayin hoto mai inganci, ko ka tafi da font ɗin, don kwamfutar can ba lallai tana da irin naka ba, kuma ka karanta samfurin farko da idonka kafin a buga sauran. Rubutun ƙwalisa da ake kwafowa daga wasu shafuka a liƙa a suna kuwa, ba font ba ne, alamomin lissafi ne da aka aro, ba su da haruffanmu, kuma in an nemi sunanka ba lallai ya fito ba.

Lanƙwasar nan 'yar ƙarama ce, amma ita ta raba fada da faɗa, kafa da ƙafa, kare da ƙare. Mutane sun sha wahala kafin ta samu gurbi a dalma, sannan a kwamfuta, sannan a waya. Yanzu tana hannunka kyauta, saura ka danna.

Abokin nawa dai ya samu aiki na biyu, rigunan wata makarantar Islamiyya. Wannan karon kafin ya zaɓi kala ma sai da ya gwada haruffa takwas ɗin nan.

Mai tambaya ko gyara ƙofa a buɗe take, kuma in akwai font mai kyau da ka gwada ka ga yana ɗauke da haruffanmu, ka faɗa mana sunansa wasu su amfana. Allah ya sa mu dace.